Godiya ga waɗanda suka tsaya bayan kyamara

Mu da muka tashi a gidajen kallo, sunan Jackie Chan kaɗai muka sani. Shi ne akta, shi ke dukan bos, da sunansa muke ihu. Daraktocin da suka yi wahalar fito da shi kuwa ba mu taɓa tambayar sunayensu ba. Su nake so in gode wa yau.

Kai ne kan gaba, Yuen Woo-ping. Bayan mutuwar Bruce Lee a 1973, masu harkar fim a Hong Kong sun bazama neman magajinsa. Lo Wei ya sa Jackie a New Fist of Fury a 1976, ya ce ya murtuke fuska ya yi ta ɗaukar fansa. Rigar aro ce, ba ta zauna masa ba, fina-finan suka yi ta kwantai. Duk da haka Lo Wei ya cancanci tasa godiyar, don bai daina ba shi aiki ba.

A 1978 furodusa Ng See-yuen ya aro shi ya danƙa maka, ka bar shi ya yi wasa da halinsa. A Snake in the Eagle's Shadow maraya ne mai shara a makarantar kung fu, wanda malamai ke gwada duka a jikinsa, har wani tsoho mabaraci ya zana masa sawu a ƙasa ya riƙa bi yana koyon taku. A Drunken Master, duk a shekarar, mun gan shi rataye kai a ƙasa, yana ɗibar ruwa da 'yan ƙananan kofuna yana zubawa sama, jiki na rawa. Tsohon da ke gasa masa aya a hannu mahaifinka ne, Yuen Siu-tien.

Wannan ya taimake mu ƙwarai. Da yawanmu yaran shago ne a lokacin, masu koyon ɗinki da kanikanci, kullum cikin aike da faɗan maigida. Sai ga jarumi da ke jin zafi, yana yarfe hannu bayan ya kai naushi, yana faɗuwa yana tashi har ya iya. Washegari mukan koma bakin aiki da ƙwarin gwiwa.

Sammo Hung, babban yayan Jackie tun makarantar Yu Jim-yuen, na gode da Wheels on Meals na 1984. Stanley Tong, Rumble in the Bronx ɗinka ne ya buɗe masa kasuwar Amurka. Lau Kar-leung ya rasu a 2013, don haka tasa godiyar ga iyalansa da almajiransa zan miƙa. Lau ya saɓa da Jackie wajen ɗaukar Drunken Master II na 1994 har Jackie ya ƙarasa faɗan ƙarshe da kansa, amma faɗan nan na ƙarƙashin jirgin ƙasa, inda dattijon ya riƙe mashi a tsugune, da shi aka yi, kuma har yau ina maimaita kallonsa.