Wandon da Yaya ta kasa sayarwa

Yayata gwanjo take sayarwa. Ta fi shekara goma tana shimfiɗa leda a gefen tashar Sofoline, nan Kumasi, inda motocin Abuakwa ke lodi, tana zube riguna da wanduna tana kiran masu wucewa da Twi da Hausa. Daga wannan shimfiɗar aka biya rabin kuɗin karatuna na aikin jarida. Na faɗi haka tun farko don a gane girman katoɓarar da na yi.

Da asubahin 2 ga Janairun 2025 gobara ta cinye babban ɓangare na Kantamanto, kasuwar gwanjon Accra. A makon na ware shirina na rediyo kan maganar. Na karanto alƙaluman ƙungiyar Or Foundation, cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shiga kasuwar duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari a juji suke ƙarewa. Da zance ya yi daɗi sai bakina ya zarce, na ce Turawa sun mai da mu bola, mu kuma muna biyan kuɗi muna sayen shararsu. Masu bugo waya suka yi ta yaba mini. Ko kaɗan ban tuna cewa Yaya ba ta rabuwa da 'yar rediyonta a bakin shimfiɗa ba.

Ba ta kira ni ba. Bayan kwana uku, ana idar da Magariba, sai ga ta da buhu a ka. Ta sauke shi a tsakar gida gaban Mma, ta dube ni ta ce, "Ga sharar nan. Ke da kika yi boko sai ki gaya mana inda za a kai ta." Ta gaida Mma ta fita, ko ruwa ba ta sha ba.

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka riba ce zalla. Dila a ɗaure ake sayenta, nauyinta wajen kilo 55, kuma sai ka biya za ka yanke igiya ka ga rabonka. A ware zaɓin farko, a ware na biyu, abin da ya rage kuma shi ne ciwon kai. Asantawa na ce wa kayan obroni wawu, wato Bature ya mutu, don a da an ɗauka ba mai rabuwa da tufa mai kyau haka yana raye. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Ghana ta musanta kashi 40 ɗin nan, ta ce abin bai wuce kashi 5 ba. Ni dai buhu aka ajiye mini, kuma kowane tsumma a cikinsa kuɗin Yaya ne da bai dawo ba.

Muka zazzage shi ni da Mma. Akwai riguna masu tambarin gasar gudu ta garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, akwai wata jibgegiyar rigar sanyi da ko a tsakiyar hunturu ba mai sa ta a Kumasi. Can ƙasa sai ga wandon jins, ƙato, mutum biyu za su shiga, ya yage tsakanin cinyoyi. Mma ta ɗaga shi, ta ja yadin da hannu biyu, ta ce, "Wannan ai walki ne." Mahaifinta maƙeri ne a Aboabo, da walkin fata ta san shi. Ita kuma koko da ƙosai take sayarwa da safe a ɗaya gefen tashar, kuma ba ta da zanen da mai bai ɓata ba. Canji a bakin zane take ƙulle shi, sai ta kwance ƙulli da hannu mai maiƙo duk lokacin da aka miƙo mata sidi biyar.

Na jawo kekenta na hannu, Butterfly, wanda aka sa mata a kayan aure. Rabona da shi tun ina 'yar firamare. Wani tela maƙwabcinmu ya ce kafin in taɓa almakashi in zare zare ɗaya in kai shi bakin ashana. Auduga takan ci wuta ta bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, yadin roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule, kuma in ya narke a jikin mutum mannewa yake. Mai tsayawa gaban kaskon ƙosai ba ta wasa da wannan. Rigunan gudun nan duk suka faɗi jarrabawa, wandon ya ci.

Bayan wandon na yanke, daga ƙugu zuwa gwiwa, na farke ɗinkin tsakiya da reza, na miƙar da lanƙwasar na sake haɗewa don ya kwanta. Aljihunan baya biyu na bar su yadda suke, su suka dawo gaba. Ƙafa ɗaya na buɗe na yi abin rufe ƙirji, ɗayar na tsaga ta na yi maɗaurin wuya da na ƙugu. A faɗe abu ne mai sauƙi. A aikace allura uku na karya a inda ɗinki ya ninku, kafin telan ya leƙo ya ce in sayi mai lamba 18, in kuma daddaka wurin da guduma ya yi laushi. Dare huɗu na yi, ni da nake tashi ƙarfe huɗu don shirin safe. Kalmasar gefen hagu ta karkace, na gani, na bar ta.

Mma ta ɗaura rigar girkinta ranar Litinin. Takardun kuɗi a aljihun dama, tsaba a na hagu. Kafin ƙarfe tara mai sayar da waakye ta kusa da ita ta tambayi inda ta saya.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, wando ɗaya na ceto daga buhu guda, kuma jiragen ruwa ba su daina sauke kwantena a Tema ba. Har gobe ina ganin akwai zalunci a yadda ake cusa tsummokara cikin dila a sayar wa mace da kuɗin da ta ranto. Abin da na kasa bambancewa a rediyo shi ne wanda ya ɗaure dilar da wadda ta yanke igiyar.

Da yamma Yaya ta zo. Ta sa Mma ta kwance rigar, ta juya ta ciki da waje, tana bin ɗinkin da farce kamar yadda take duba kayan dila. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri da maganar rannan." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kalmasarki ta karkace. Kuma maɗaurin ya yi gajere, ba kowa ce siririya kamar Mma ba." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce tana da irin wandon guda huɗu a gida, in zan iya gamawa kafin Juma'a za ta gwada su a shimfiɗa, ribar a raba biyu.

Na gama uku. Biyu sun fita a ranar, ɗaya mai waakye ce ta ɗauka bashi. Ragowar buhun yana nan ƙarƙashin gadona, da rigar sanyin a sama. Mma ta ce in bar mata ita, wai in kyanwarta ta haihu za ta yi amfani.