Takobi Da Asali: Abin Da Muka Gani Cikin Tarihin Indiya

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani shiru da muka yi a zauren kawunmu cikin watan Sha'aban, wanda har yau yake hana mu barci.

Wani saurayi ne, tsohon almajirinmu, wanda ya sauke Alƙur'ani a hannunmu, ya aiko manyansa neman auren 'yar kawunmu. Yaron ba shi da abin zargi. Yana salla cikin jam'i, yana da sana'arsa ta gyaran mota, yarinya kuma tana sonsa. Da aka zauna sai kawu ya ce ya bincika, ya tarar uban yaron mahauci ne, kakan kakansa kuwa bawa ne da aka sayo a Salaga. Ya ce mu gidanmu gidan takobi ne, jikokin mayaƙa. Kana ya juyo ya ce, "Malam, ko ba haka ba?" Muka dubi tabarma, ba mu ce uffan ba. Aka mayar musu da goronsu.

Takobin da kawu yake nufi mun san shi. Kakanmu yana cikin sojan Afirka ta Yamma da aka ɗora jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943, daga can suka shiga yaƙin Bama, wanda saboda shi ne aka sa wa babban barikin Ankara suna. Muna yara yakan ba mu labarin wata tashar jirgin ƙasa a Indiya, inda ya ga mutum yana tsiyaya wa wani ruwa daga sama cikin tafin hannu, don kada moɗar ta taɓa shi. Ya ce ya tambaya ko kuturu ne, aka ce masa lafiyarsa lau, haihuwarsa ce haka. Wannan labari ne ya faɗo mana a rai daren da aka mayar da goro, har ya sa muka shiga neman tarihin mutanen nan. Ga kaɗan daga abin da muka samu.

Littattafan Hindu na dā sun kasa mutane kashi huɗu. Akwai Barahima, watau malaman addininsu, akwai Kashatiriya, su ne sarakuna da mayaƙa, sa'an nan fatake da manoma, sa'an nan masu yi wa waɗannan hidima. A ƙarƙashin duka akwai waɗanda ba a taɓawa, masu jima da shara da kwashe mushe, waɗanda yanzu suke kiran kansu Dalit. Cikin kowane kashi akwai ƙananan jinsi masu yawan gaske, kowa yana aure cikin nasa. Tun da sarauta ta Kashatiriya ce, duk wanda takobinsa ya ba shi ƙasa sai ya nemi wanda zai rubuta masa asali.

Shaidar wannan ita ce labarin Shivaji, jarumin mutanen Maratha, wanda ya kafa mulki a yammacin Indiya zamanin Sarki Aurangzeb. Ya ci garuruwa da ganuwoyi bisa duwatsu, amma da ya so a naɗa shi sarki sai waɗansu Barahima na ƙasarsa suka ce shi ba jinin sarauta ba ne. Sai da aka ɗauko wani babban malami daga Banaras, sunansa Gaga Bhatt, ya tabbatar cewa shi jikan sarakunan Rajput ne na Mewar, sa'an nan aka yi naɗin a Raigad a 1674. Wanda ya karanta Muƙaddimar Ibnu Haldun ba zai yi mamaki ba, gama shehin ya daɗe da lura cewa masu mulki suna son jingina kansu ga manyan gidaje bayan sun riga sun hau.

Su Rajput ɗin, mutanen arewa maso yamma, su ne aka fi sani da kirarin yaƙi. A yau in ana tsiya tsakanin Hindu da Musulmi a Indiya, ba a rasa ambaton yaƙin Haldighati na 1576, inda Rana Pratap, sarkin Mewar, ya kara da rundunar Sarki Akbar. Masu neman ƙuri'a suna ba da labarin kamar rundunar Hindu ce ta fuskanci rundunar Musulmi. To, amma wa ya ja rundunar Akbar a ranar? Man Singh ne na Amber, Rajput, mai bin addinin Hindu, wanda Akbar ya auri 'yar gidansu tun 1562. Wa kuma yake cikin masu jan goshin rundunar Pratap? Hakim Khan Sur, Musulmi, Ba'afgane, kuma a filin nan ya mutu. Maharban ƙabilar Bhil, mutanen daji waɗanda manyan gidaje ba su ɗauka da daraja, su ma suna bayan Pratap da kibansu. Haka kuma wanda Aurangzeb ya aika ya tilasta wa Shivaji yin sulhu a 1665, watau Jai Singh, shi ma Rajput ne na Amber.

Ba mu ce addini bai shiga ba, kada mu gyara ƙarya da wata ƙarya. Da Akbar ya ci birnin Chittor a 1568 an kashe jama'a masu yawa. Shi ne ya ɗauke jiziya a 1564, jikan ɗansa Aurangzeb ya mayar da ita a 1679, ya kuma rushe waɗansu ɗakunan bauta. Waɗannan duka sun faru, bai kamata Musulmi ya musa su don kishi ba. Sai dai mai karatu da adalci zai ga yawancin yaƙoƙin nan na ƙasa ne da haraji da wa zai durƙusa wa wa. Ɗan Pratap da kansa, Amar Singh, ya yi sulhu da Sarki Jahangir a 1615, Jahangir kuwa uwarsa 'yar Rajput ce.

Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne labarin Mahar, wani jinsi daga cikin waɗanda ba a taɓawa. Ran 1 ga Janairu 1818, a wani ƙauye da ake kira Koregaon, 'yar rundunar kamfanin Ingilishi, mutum wajen 800, ta tsaya wa sojan Peshwa, Barahimin da yake riƙe da mulkin Maratha a lokacin. Cikin sojan kamfani akwai Mahar. Ingilishi suka gina hasumiya suka rubuta sunayen waɗanda suka rasa. A 1927 Dokta Ambedkar, wanda shi kansa Mahar ne, ɗan tsohon soja, ya ziyarci wurin, tun daga nan ya zama wurin taron Dalit kowace shekara. Ga waɗansu Indiyawa wannan rana ce da baƙo ya ci ɗan ƙasa, ga Mahar kuwa rana ce da ƙasƙantacce ya tsaya a gaban mai ƙasƙanta shi. Da aka yi bikin cika shekara 200 a 2018 sai faɗa ya tashi, har aka rasa rai. Ambedkar shi ne ya shugabanci kwamitin da ya tsara dokar mulkin Indiya ta 1950, wadda ta haramta ƙyamar taɓawa. Duk da haka a 1956, a birnin Nagpur, ya fita daga addinin Hindu ya shiga na Buddha tare da dubban ɗaruruwan mutanensa, domin ya ga doka ta sake amma zukata ba su sake ba.

Har sarkin da ya mutu fiye da shekara dubu bai tsira ba. A 2021, a garin Dadri, aka kafa gunkin tunawa da Mihir Bhoj, wanda ya yi sarauta a Kanauj cikin ƙarni na 9. Gurjar suka ce nasu ne, Rajput suka ce nasu ne, aka yi ta rikici a kan kalma guda da za a rubuta a jikin allo. Dukansu Hindu ne. Dalilin kuwa a fili yake: jinsin da ya mallaki jarumi ya sami abin tara jama'arsa ranar zaɓe.

Yanzu ga inda labarin ya iso ƙofar gidanmu. Bayan tawayen 1857, wanda sojan Bengal suka tayar, Ingilishi suka daina amincewa da su, suka ƙago wata magana cewa akwai ƙabilun da aka halitta don yaƙi, akwai waɗanda ba a halitta ba. Suka sa Sikh da Gurkha da Patan da waɗansu mutanen Punjab cikin na farko. Mahar kuwa, da suka yi musu yaƙi a Koregaon, wajen 1892 aka rufe musu ƙofar soja, ba a kafa musu runduna mai ɗorewa ba sai 1941 da yaƙi ya matsa. A nan gaɓar teku ma irin wannan ma'auni suka yi aiki da shi, suka ce Hausawa su ne mayaƙa. A 1863 Kyaftin Glover ya tara 'yar runduna a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, aka riƙa ce musu Hausawan Glover. Irinsu ne aka kawo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma da su aka kafa rundunar wannan ƙasa a 1879. Sunan rundunar na Hausa ne, amma cikinta akwai Gurunshi da Moshi da Dagomba da Yarbawa. Wanda ya fito daga arewa ya iya amsa umarni da Hausa, sai magatakarda ya rubuta Bahaushe.

Da muka karanta wannan sai muka tafi wurin gwaggonmu, wadda ta fi kowa shekaru a gidan, muka ce, "Gwaggo, shin wa ya fara ɗaukar bindiga a gidan nan?" Ta yi dariya har ta share ido. Ta ce, "Malam ƙarami, sai yau ka tambaya?" Ta ce kakan kakanmu ne, kuma ta ji daga bakin tsofaffi cewa tsagar fuskarsa ba ta Hausa ba ce. An kama shi yana yaro zamanin harin Zabarma, aka sayar, ya gudu, ya shiga soja. A bariki ya koyi Hausa, a bariki ya musulunta, kana ya auri 'yar wani falken goro. Ta ce, "Kawunka ya sani sarai. Amma tun da aka sa wa gidan suna gidan soja, kowa ya riƙe wannan ya saki wancan."

Ashe laifi tudu ne, mun taka namu muna hangen na Indiyawa. Kasuwar da aka sayar da kakan yaron nan, mai yiwuwa ta nan namu ya bi.

Abin da ya ƙara mana kunya shi ne mun san hukuncin tun ranar. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da ake dubawa wajen kufu'i a aure shi ne addini da kuɓuta daga aibobin da suke sa a raba aure. Nasaba da sana'a ba sharaɗi ba ne a wurin Imamu Malik, ko da yake Hanafiyya sun lissafa su. Musulmin Indiya yawancinsu Hanafiyya ne, kuma su ma rabon jinsi ya shige su: akwai waɗanda ake kira Ashraf, masu jingina kansu ga Larabawa da Farisa da Turkawa, akwai masaƙa da mahauta da wanzamai waɗanda kakanninsu suka musulunta a can, ana ganinsu a ƙasa. Sahu ɗaya a masallaci, amma ba a ba su aure. Mu da muke karantar da Suratul Hujurati, muna gaya wa yara cewa taƙawa ce ma'aunin daraja a wurin Allah, mu da muka san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aurar da Zainab 'yar gwaggonsa ga Zaidu wanda ya taɓa zama bawa, ba mu da hanzari. Tsoron fushin kawu ne kawai ya rufe mana baki.

Iyayenmu dattawa sun fi mu tuna 1969, lokacin da gwamnati ta ba baƙi marasa takarda wa'adi su bar Gana. A ranar ba wanda ya tambayi ɗan zango ko jikan falke ne ko jikan mahauci. Mota guda aka shiga, kuka guda aka yi.

Ba mu ce a zubar da tarihin gida ba. Lambar yaƙin kakanmu tana nan cikin akwati, muna kuwa alfahari da shi, don shi ya sha ruwan sama da zazzaɓin dajin Bama. Amma jarumtar tasa ce, ba ta zama sadakin da za mu riƙa karɓa daga 'ya'yan mutane ba. Muna roƙon samari, kafin ɗayanku ya ce da ɗan'uwansa ɗan bawa a filin ƙwallo, ya je ya zauna da tsohuwar gidansu ya tambaye ta tun daga farko, ya kuma yi haƙuri ya ji amsar har ƙarshe.

Ranar Juma'ar da ta wuce mun koma wurin kawu bayan la'asar. Muka durƙusa muka ce, "Kawu, ranar nan ka tambaye mu ba mu amsa ba. Ba haka ba ne." Muka faɗa masa hukuncin, muka faɗa masa abin da gwaggo ta ce. Ya daɗe yana jan tasbaha bai dube mu ba. Daga bisani ya ce a bar maganar sai bayan Salla, a kira manyan yaron a sake zama. Bai ce ya yarda ba, bai kuma ce ya ƙi ba. Muna neman addu'arku, Allah Ya zaɓa wa yaran nan abin da ya fi alheri, Ya yafe mana shirun da muka yi. Wassalamu.