Keken Ƙanƙara da Aljihun Ɗalibi

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Tun muna aji ɗaya a wannan sashe muke jin malamanmu da suka yi karatu a Amurka suna ba da labarin sanyin can, mu kuwa muna kwatanta shi a zuci da hunturun Jos, muna cewa ai bai wuce mutum ya ƙara bargo ba. Sai da Allah ya kai ni birnin Madison na Jihar Wisconsin cikin watan Agusta na 2018, domin in taimaka wajen koyar da Hausa na tsawon shekara guda, sa'an nan na san mun yi wa malamanmu gurguwar fahimta. Abin da nake so in bayar a nan shi ne labarin yadda sanyin nan ya tilasta mini sayen wani irin keke mai ƙaton taya, da kuma yadda na yi ta kokawa da aljihuna kafin in zaɓe shi.

Madison gari ne da ke zaune tsakanin tafkuna biyu, Mendota da Monona, jami'ar kuwa tana bakin Mendota. Ɗakunan haya na kusa da ita sun fi ƙarfina, saboda haka na kama ɗaki can bayan gari, tafiyar kilomita 7. In na ce zan bi bas sai na sauya mota a hanya, ga shi kuwa darasina na safe ne. Don haka na sayi wani tsohon keke mai siririyar taya, irin Raleigh ɗin da mahaifina ya yi ta hawa zuwa gona, na yi wata uku ina jin daɗinsa. Ranar da dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, da safe tayar nan ta yi ta nutsewa tana zamewa, har ta kayar da ni sau biyu kafin in kai rabin hanya. Na isa aji a makare, wandona sharkaf, ɗalibaina na ƙoƙarin ɓoye dariya.

Akwai wani dattijo ɗan Damagaram da ya daɗe a garin, wanda muke haɗuwa da shi a masallaci ranar Juma'a. Da na kai masa kukana sai ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin raƙumi ya nutse a rairayi?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To, tafin ƙafarsa ne mai faɗi. Je ka nemi keke mai ƙafar raƙumi."

Daga baya na karanta na tarar maganar dattijon nan ta yi daidai da tarihin keken. A 1980 wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya hau keke mai faffaɗan taya daga Damagaram har Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. A Alaska kuma, bayan an fara tseren keke kan dusar ƙanƙara a 1987, mahaya sun riƙa haɗa gargare biyu wuri guda domin taya ta ƙara faɗi. Kamfanin Surly na Jihar Minnesota shi ya fitar da irinsa kasuwa sosai a 2005, da sunan Pugsley. Watau dai rairayin hamadarmu da dusar ƙanƙararsu matsala ɗaya suke kawo wa keke, maganinsu kuma ɗaya ne. Faɗin tayar yana kamawa daga inci 3.8 zuwa inci 5, kuma ba a cika ta da iska. A ma'aunin nan na masu faci, wanda tayar mota ke shan 32 ko 35, ita wannan 5 zuwa 10 take sha a kan dusar ƙanƙara, sai ta baje ta ɗauki nauyin mahayi ba tare da ta nutse ba.

To, a nan fa ake yin ta. Kuɗin da na tara duka dala 800 ne, kuma da niyya na tara su, domin ɗakin mahaifiyata yana yoyo, na kuwa yi alkawarin a sa masa kwano kafin damina. Na kwana uku ina juyi kafin in buga mata waya. Da ta gama saurarona sai ta ce, "Ɗan nan, damina da saura, kai kuwa yau kake cikin naka ruwan. Sayi abin hawanka, Allah ya tsare." Wannan magana ta ƙara mini nauyi, gama duk dalar da zan ɓatar a banza ɗigon ruwa ce a kan gadonta.

Na fara da wani babban kanti inda na ga sabo fil, mai sheƙi, kuɗinsa bai kai rabin abin da ke hannuna ba. Raina ya biya ƙwarai. Amma da na ɗaga shi sai na ji kamar buhun gero na ɗauka, ni kuwa a bene nake, kullum sai na hau da shi na sauko da shi. Na matsa birkinsa na ji ya yi laushi, tayarsa kuma ta yi tauri kamar ƙirgi, wadda ko an rage mata iska ba za ta baje yadda ake so ba. Na tuna araha ba ta ado, na fita. Daga nan na shiga shagon masu keke na ainihi, inda mafi ƙanƙantar kuɗi ya haura dala 1,000, waɗansu kuma sun ninka haka sau uku ko huɗu. Wani bakanike a shagon ya lura ina ta shafa kekuna ina duban farashi ina ja da baya, sai ya kira ni gefe ya yi mini karatun da har yau nake gode masa.

Abin da na tsinta daga gare shi shi ne, mai ƙaramin ƙarfi ya sa kuɗinsa a taya, ya haƙura da sauran ƙawa. Jikin keke na alminiyam ya wadatar, ga sauƙin nauyi, ga shi gishirin da ake watsa wa tituna domin narkar da ƙanƙara ba ya cinsa kamar yadda yake sa baƙin ƙarfe tsatsa. Abin rage girgiza na gaba ba dole ba ne, domin tayar da kanta tana shanye gargada. Birki mai faifai wanda waya ke ja ya fi mai aiki da mai araha, kuma mutum na iya gyara shi da kansa. Giya kuwa, wadda ke sauƙaƙa hawan tudu ita ce abin nema, tun da ba mai yin gudu cikin dusar ƙanƙara. Daga ƙarshe ya ce in nemi na hannu, gama akwai masu sayen irin keken nan da ɗoki su hau shi hunturu ɗaya su jingine.

Haka kuwa aka yi. Bayan mako biyu na sami wani magidanci da zai tashi zuwa jihar da ba a sanyi, yana neman rabuwa da nasa. Na duba jikin keken ko da tsaga, na juya ƙafafunsa in ga ko sun karkace, na lura sarƙar ta ci amma haƙoran taya na nan da sauransu. Girmansa ma ya yi daidai da ni: in na tsaya ƙafafuna a ƙasa akwai rata tsakanina da sandar tsakiya, abin da ke da amfani ƙwarai ranar da ƙafa ta nutse. Ya ce 650, na yi masa cinikin Kasuwar Kurmi, muka daidaita a kan 550.

Na ɗauka na gama, ashe da sauran darasi. Dusar ƙanƙara daban, ƙanƙara daban. In rana ta ɗan narkar da ita, dare kuma ya daskarar, sai hanya ta koma kamar madubi, a nan kuwa faɗin taya ba ya hana komai. Wata safiya a wata kwana tayar gaba ta kufce, na faɗi a kan kafaɗata, na yi mako guda ba na iya ɗaga hannu in yi rubutu a allo. Maganin wannan shi ne taya mai ƙananan kusoshi da ke cizon ƙanƙara, tana kuwa da tsada. Kuɗina bai isa biyu ba, sai na sayi guda ta hannu a kan dala 120 na sa a gaba, domin in ta baya ta zame mutum kan iya tsayuwa, amma in ta gaba ce sai ƙasa. Sauran kuɗin ya tafi wajen sabuwar sarƙa, da fitilu, tun da a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar, da hular kwano, da ƙaramin ma'aunin iska, da wata irin jaka da ake ɗaura wa kan keke a zura hannu ciki. Na kuma koyi auna iska a waje, saboda tayar da aka hura cikin ɗumin ɗaki takan saki in ta sha sanyi.

Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa wa duk wanda zai bi sawuna ita ce, in hanyarsa titi ce da ake sharewa kullum, keke na kullum da aka sa wa taya mai kusoshi zai ishe shi, da kuɗi kaɗan. Ni lungunan unguwarmu da fitar sassafe suka sa na bukaci mai ƙafar raƙumi. Kuma kowane keke yana da iyakarsa. A ƙarshen Janairu na 2019, sa'ad da sanyi ya kai wajen digiri 30 ƙasa da sifiri har jami'a ta dakatar da darussa, ni da kekena a ɗaki muka zauna muna duban juna.

Ban sake makara aji ba har hunturu ya wuce. Cikin watan Mayu na sayar da keken da tayar kusoshin a kan dala 500, gama da bazara kasuwarsa faɗuwa take yi, na cika da abin da na ƙara tarawa na aika gida. An sa wa ɗakin Inna kwano bayan ruwa ya riga ya sauka sau biyu, ta kuwa tare su da kwarya da roba kamar yadda ta saba, ba ta taɓa ambata mini ba sai daga bakin ƙanwata na ji. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya sa mu gama da su lafiya, amin.