Yadda Ake Gane Uwar Tururuwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka, saboda gardamar da kan tashi tsakanin malamai da almajiransu kowace shekara, idan ruwan fari ya sauka, ƙwari masu fiffike suka yanyame fitila. Yaro ya kama ɗaya, wannan ya ce gina ce, wancan ya ce uwar tururuwa.

To, a fara duban ƙugu. Gina dangin gara ce, ba ta da ƙugu, fikafikanta huɗu kuma tsawonsu ɗaya. Uwar tururuwa kuwa ƙugunta kamar na zanzaro, fikafikan gaba sun fi na baya tsawo, 'yan ƙahonninta a tanƙware kamar gwiwar hannu. In an same ta ba fiffike, sai tabo a gefen ƙirji, ita ta karya su da kanta bayan ta sadu da namiji, wurin kafa gida take nema.

Sanin irinta shi ne aiki. A madubin ƙara girma, tururuwa mai jidar hatsi gaɓa 2 gare ta a ƙugu, cinnaka da gwano guda 1. Gwano kam warinsa ya ishe mu shaida, ko da shi ba ya ji. Wanda kuwa ya ce ya kama uwar kwarkwasa tana tashi, namiji ya kama, don ita ba ta da fiffike ko kaɗan.

In abin ya faskara, a sa ta a kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga, a ajiye a duhu har 'ya'yanta su fito su nuna asalinta. In tururuwa ce, mai hatsi ya duba gindin rumbunsa.

Wassalam,
Wani Akawu, Zariya.