Zamanin Launi 56

Kafin kwamfuta ta shigo shagon kawuna a unguwar Kambarawa a Katsina, biro uku ne ke riƙe da dukiyarsa. Shuɗi na kayan da suka shigo, baƙi na waɗanda suka fita, ja kuma na bashi. Littafin ƙato ne mai bangon kwali, ya sha manja da ƙurar gero har warinsu ya zauna masa. Kawu bai yi nisa a boko ba, amma ko daga bakin ƙofa ka buɗe masa shafi, kallo ɗaya zai yi ya gaya maka ko watan ya yi albarka. Jan biron nan a aljihun gaban rigarsa yake kwana, ban taɓa ganin ya ba wani aronsa ba.

A 2002, wayar salula na sabuwar shigowa, taubashina ya kawo wata kwamfuta 'yar Kwatano mai ƙatuwar ƙeya. Ni ne na ɗan taɓa makarantar koyon kwamfuta bayan sakandare, don haka aka ce ni zan riƙa tuƙa ta. Aka ware mata kusurwa tsakanin buhunan sukari da katan-katan na sabulu, aka yanka mata tsohon zanen gado saboda ƙurar hunturu. Idan an ɗauke wuta, ƙaramin akwatin batirinta ya dinga tsuwa ke nan, ni kuwa hannuna na rawa ina ƙoƙarin adana aiki kafin ya mutu. Can waje hayaƙin janareta na cuɗanya da ƙamshin tsire, rediyon mai shayi na jan kaset ɗin Shata, wanda bai fi shekara uku da rasuwa ba a lokacin.

Da manhajar lissafi ta Excel muke aiki. Excel ɗin wancan zamani, daga na 97 har na 2003, launi 56 ne iyakar abin da fayil ɗaya zai ɗauka. Idan ka danna ɗan bokitin fenti na sama, 40 kawai za su fito maka, layi biyar na ƙananan gidaje takwas-takwas. Sauran 16 an tanade su ne don zanen jadawalin ƙididdiga. Ni dai a idona wannan dukiya ce, mutumin da ya tashi da biro uku. Na shafa wa masu bashi ja, waɗanda suka biya kore, na kira Kawu ya gani ina jiran yabo.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa kan gilashin. "Kai, ɗan nan, wannan ai surukina ne. Ja ɗaya ka shafa masa da wancan da ya shekara yana yi mini gobe-gobe?"

Na ce, "Kawu, ai duk bashi ne."

Ya ce, "Bashi suna ya tara."

Ashe a cikin tsohon littafin ma ja ba ɗaya ba ne. Akwai wanda yake danna biro da ƙarfi, akwai wanda yake shafawa sama-sama. Abin da yake so shi ne launi na musamman ga dangi da surukai, wanda ba zai yi tsawa ba amma kuma ba zai bari a manta ba. Ruwan goro yake so. Na nuna masa abin da ke cikin gidajen nan 40, ya ce wannan ruwan lemo ne, wancan kuma na ƙwai, kada in raina masa ido.

A nan na koyi hanyar bayan gida. Sai ka bi ta jerin kayan aiki, ka shiga zaɓuɓɓuka, ka nemo shafin launuka, ka danna gida ɗaya ka ce za ka sauya shi. Akwati zai buɗe da gurabe uku, na ja da na kore da na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255, kai ne mai haɗawa. Kawu ya ciro jan goro daga aljihu, ya ɓantara, ya jira cikinsa ya sha iska ya ɗan rine, sannan ya kara shi a jikin gilashin. Ina ƙara lamba yana cewa bai yi ba, ina ragewa yana cewa na wuce. Muna cikin haka aka kira la'asar, muka dawo daga masallaci goron ya ƙara duhu, aka sake sabon lale. Da muka dace, na rubuta lambobin uku da alli a bango, aka hana yaran shago jingina a wurin.

Sai dai gidajen ba sa ƙaruwa. Kafin ruwan goro ya sami wurin zama, dole wani launi ya tashi. Wani shunayya mai haske muka kora, don babu mai bashin da ya dace da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki daga baya shi ne, akwatin lissafi ba launi yake riƙewa ba, lambar gidan yake riƙewa. Ka sauya gida ɗaya, duk inda aka taɓa shafa shi a fayil ɗin zai rikiɗe nan take. Haɗin naka kuma a cikin fayil ɗin yake zaune, ba ya bin ka ko'ina. Ranar da aka kwafe lissafin zuwa sabon fayil a wani shagon buga takardu na cikin gari, sai ga surukan Kawu gaba ɗaya sun koma shunayya. Hakan ma bai yi komai ba, domin na'urar bugawar baƙi da fari ce. Ja da kore da duk wahalarmu suka fito toka-toka, wasu lambobin ma sun nutse. Kawu ya karɓi takardar bai ce uffan ba, ya zaro jan bironsa ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka, a shagon nan kowa ya haddace ma'anar launukan, har yaron da ke dakon buhu. Malamin allonmu da ke rubuta Alƙur'ani da hannu haka yake yi da tawadarsa: baƙi na baƙaƙe, ja na wasula, ɗigon rawaya na hamza, babu ɗigon da ya sauka don ado kawai. Abokin ciniki kan leƙo ya ce, "Malam, wane launi nake yau?" Idan na ce kore, sai ya gyara zaman hula.

Excel na 2007 ya rushe katangar. Launuka suka koma 16,777,216, layuka suka tashi daga 65,536 zuwa 1,048,576, alhali lissafin Kawu ko kusa da cika na farkon bai yi ba. Mu dai ya ɗan jima kafin ya iso mana, kuma ba zan ce ban ji daɗinsa ba. Babu sauran korar wani launi don wani ya zauna, babu fargabar surukai su rikiɗe a hanya. Kawu bai daɗe a wannan zamanin ba, Allah ya jiƙansa. An yi wa shagon fenti, lambobin allin sun tafi.

Yanzu 'yar taubashin nawa ce ke riƙe da lissafin, a wayarta ma take yi. Kwanan baya ta nuna mini, shafi ya yi kyau, kowane layi da kalarsa. Na tambaye ta me wannan ruwan hodar yake nufi. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ba ya nufin komai, kyau ya yi mini." Ban ga laifinta ba, lissafinta ma ya fi nawa daidai.

Fayil ɗin Kawu na farko yana nan a wani faifan filofi mai ɗaukar megabait 1.44, na naɗe shi a leda cikin akwatin takarduna. Lambobin ruwan goron nan suna ciki, ni kuwa sun ɓace mini. Duk wanda ya san inda ake da na'urar da ke karanta irin wannan faifai a Katsina, don Allah ya yi mini magana.