Wai Ruwan Koginmu Masar Yake Zuwa?

Ruwan saman da ke sauka a Jahun ba ya zuwa teku. Wani ya nutse cikin jigawa, wani ya kwanta a fadama har rana ta shanye shi, wanda ya samu hanya kuma ya gangara gabas. Kogin Haɗejiya da ya biyo ta Wudil da Ringim yakan bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da kogin Jama'are a wajen Gashuwa, su zama kogin Yobe, su ƙare a Tafkin Chadi. Yau ɗan aji ɗaya ma zai iya ganin haka a taswirar littafin labarin ƙasa. Amma shekara 200 da suka wuce, akwai manyan masana a Ingila da suka yi imani cewa wani ƙaton kogi ya ratsa wannan yanki namu, bai tsaya ba sai Masar.

Kogin da suke nufi shi ne Kwara, wato Neja. Maganar kuwa tsohuwa ce. A 1154 masanin nan Al-Idrisi ya zana taswira inda ya nuna kogin ƙasar baƙar fata da kogin Nilu na Masar sun fito daga tushe ɗaya. Ibn Battuta ya ga Kwara da idonsa a ƙasar Mali wajen 1352, ya kira ta Nilu, ya ce ita ce ke bi ta ƙasar Nuba ta shiga Masar. Da Mungo Park ya isa Segu a 1796 ya ga ruwan yana tafiya gabas, sai masu wannan ra'ayi suka ƙara samun ƙarfin gwiwa. Wasu suka ce a'a, a wata babbar fadama mai suna Wangara yake ƙafewa. Masu zanen taswira ma har suka ƙirƙiro jerin duwatsu, Duwatsun Kong, wai su ne suka tare kogin daga gangarawa kudu. Duwatsun nan babu su, amma sun yi kusan shekara 90 a kan taswirori, kowa yana kwafa daga na gabansa.

Neman wannan kogi ne ya kawo Hugh Clapperton ƙasarmu. A 1823 shi da Dixon Denham da Walter Oudney suka ƙetaro Sahara suka iso Borno. Da suka zo bakin Yobe, Larabawan ayarinsu suka ce ai wannan shi ne Nilu. Ka ji fa, ruwan da ya wuce ta Ringim! Oudney ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824. Clapperton, wanda ake kira Abdullahi a nan, ya ratsa ƙasar da yau ta zama Jigawa, ya shiga Kano, daga nan ya wuce Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana masa a kan rairayi yadda Kwara ke tafiya har ta faɗa teku, amma a taswirar takarda da aka ba shi an rubuta cewa ita ce ke isa Masar. Haka ya koma Landan da amsa biyu.

Sai a 1830 gardama ta ƙare. Richard Lander da ƙanensa John suka shiga kwalekwale daga Busa, inda Park ya halaka, suka bi ruwa ta mahaɗar Binuwai har suka fito Tekun Atalantika. Tare da su akwai wani Bahaushe mutumin Gobir, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, yana yi musu tafinta. Abin mamaki, bakin kogin da aka sha wahalar nema wuri ne da jiragen Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna sayen bayi da manja. Abin da ya rikita su shi ne Kwara ta taso ne daga tsaunukan Gini, kimanin kilomita 240 kacal daga teku, ta ba tekun baya ta nufi Tambutu, sannan ta yi kwana ta dawo kudu.

Lokacin da na fara karanta wannan tarihi ina aji biyar, na kai wa kakana labarin, don ya yi shekaru yana zuwa su a Baga da rani. Na ce, "Baba Tsoho, ka san an taɓa cewa ruwanmu Masar yake zuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, ruwanmu Chadi yake zuwa, na bi shi da ƙafata. Abin da ke bayan Chadi kuwa, sai ka tambayi mutanen can." Bai taɓa riƙe taswira ba, amma ya raba abin da ya gani da abin da ya ji. Masanan Landan wannan ne suka kasa yi. Inda iliminsu ya ƙare, sai suka cike gurbin da zato, suka buga shi a littafi.

Kada ku ɗauka irin wannan ya wuce. A daminar 2022, da ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Jigawa, na ji ana ta faɗa a majalisa, ana kuma turawa a WhatsApp, wai ruwan da aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru ne ya iso mu. Gaskiya ne an saki ruwan, ya kuma yi ɓarna a wasu jihohi. Sai dai Lagdo a kan Binuwai take, Binuwai kuwa Lokoja take zuwa ta haɗu da Kwara. Babu hanyar da wannan ruwa zai hauro Jahun. Namu daga ruwan sama yake, da kuma kogunan Kano da Challawa, masu madatsun Tiga da Challawa, da ke yamma da mu. Manomin da ya kasa kunne ga labarin Kamaru, ya bar na yamma, yana iya wayar gari ya tarar shinkafarsa ta nutse.

Don haka ƙannena, in aka ba ku labari, ko a waya ko a littafi, ku tambaya: wa ya gani da idonsa? Daga ina ruwan ya taso, ina kuma ya nufa? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ku buɗe taswirar da ke bayan littafinku, ku ɗora yatsa a kan Jahun, ku bi kogi mafi kusa har inda ya ƙare.