Tsakaninmu Mata: Inda Kuɗin Saƙa Yake

Yaya, ajiye kwarashin nan tukuna. Ke ma Maman Biyu rage rediyon, akwai maganar da nake son mu yi, kuma ba ta gaban yara ba ce, balle ta gaban masu gida. Duk cikinmu nan babu wadda ba ta iya saƙa ba. Wata a wurin uwarta ta koya, wata a makarantar kwana, ke kuwa ƙanwata sai da kika je Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta nan Gusau, wadda mata zalla ke karatu a cikinta, kafin hannunki ya faɗa. To ku gaya mini tsakani da Allah, wace ce a cikinmu ta taɓa sayen ko da 'yar tunkiya da kuɗin suwaita?

Kun ga an yi shiru. Dama na san za a yi.

Ba laifin hannunmu ba ne, sanyinmu ne gajere. Disamba da Janairu, in ya yi tsawon rai ya leƙa Fabrairu, shi ke nan. Kafin ki haɗa gaba da baya ki dasa hannuwan rigar yaro guda, hazo ya fara washewa, uwar yaron kuma ta daina ɗaukar wayarki. Ga 'yan gwanjo. Ranar da aka kwance dila a kasuwa, suwaitar da aka saƙa a Turai za ki gani a zube, kuɗinta bai kai na zaren da za ki saya ki yi irinta ba. Dogon mayafin nan na naɗe wuya da muke gani a waya muna sha'awa, wa zai saya a Gusau? Ɗan acaɓa da mai gadi ne ke buƙatarsa, su kuwa rawani ya ishe su. Abin da ya rage mana na gaske shi ne kayan jarirai, hula da safa da riga da abin lulluɓi, saboda haihuwa ba ta da lokaci kuma ba a zuwa barka hannu rabbana. Su ma ɗin masu injin saƙa sun fi mu sauri, ga na leda 'yan Chana a kowane shago.

Tunda mun zo kan jarirai, bari in tsaya kaɗan. Abin nan da muke ce wa ulu, yawancinsa bai taɓa ganin bayan tunkiya ba. Zaren roba ne, daga sinadaran man fetur ake yin sa. Ki yanko ɗan guntu ki ƙyasta masa ashana ki gani: zai narke ya dunƙule ya yi baƙi, ya yi tauri, ya riƙa warin leda. Ulu na gaskiya ƙaurin gashi yake yi, auduga kuwa ci take ta bar toka mai laushi. Shi ya sa nake faɗa da duk mai jegon da na saƙa wa kaya, kada ta kuskura ta kwantar da jariri cikin lulluɓin nan kusa da kaskon wuta. Zaren da ke narkewa manne wa fata yake yi. Ku riƙa faɗa wa masu saye, ba zai rage muku ciniki ba.

Kuma da yake daga waje zaren ke zuwa, ko a ce kayan haɗa shi, dala ce ke yanka masa farashi. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, kowace a cikinmu ta san yadda ƙullin zare ya koma. Kuɗin motar zuwa Kano sari kaɗai ya isa ya cinye ribar.

Abin da ke ba ni takaici, mu fa 'yan ƙasar auduga ne. Saboda ita da gyaɗa Turawa suka shimfiɗo dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya dire Ƙaura Namoda a 1929. An yi injin gurzar auduga a garin nan. An yi masaƙar Zamfara, wadda aka kafa a shekarun 1960, iyayenmu da yawa a can suka ci abinci har ta rufe a farkon shekarun 2000. Yanzu yaran Tudun Wada sai dai a nuna musu katanga a ce nan ce. Goggona ta Tsafe, Allah Ya ƙara mata lafiya, har gobe tana da mazarinta da taskira da ɗan dunƙulen alli. In ta zauna za ta gurje angurya da kanta, ta shiɓe audugar ta yi sumul, ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazari a cikin tasa, zare na fita siriri ba ya tsinkewa. In ta ga ina fama da ƙullin ulu mai ruwan hoda sai ta taɓe baki ta ce, "Ɗiyata, mi kika yi da wanga zaren leda? Mu da munka tashi, zanen aurenmu da hannunmu munka kaɗa shi." Ba na ja da ita. Sai dai abawarta ba ta da launin da matan yanzu ke so, kuma ba mai biyan wahalar kaɗi.

To ga maganar da na tara ku dominta. Ku matso. Ni kuɗin da nake samu da kwarashi ba a kayan sanyi yake ba, a 'yartsana yake. Eh, ku yi dariyarku. Shekara nawa ina ɓoyewa, in an tambaye ni in ce ai jikoki nake yi wa. Alhali oda ce.

Kuma me ye abin kunyar? Duk nan wace ce ba ta goya 'yartsana ba? Wasu ta karan dawa, wasu ta laka. Mu tamu ta ƙashi ce. In an yi yanka sai mu bi mu tsinci ƙashin ƙafa, mu kankare shi, mu shanya ya bushe ya yi fari, mu manna masa gashi na baƙin zare mu yi masa kitso, mu je wurin tela mu roƙi ƙyalle. Har biki muke mata, da lefe a gwangwanin madara, da kai amarya gidan maƙwabta, da faɗan dangin miji. A nan muka fara koyon zare allura. Abin da ya canja kawai shi ne iyayen yanzu ba za su bar 'ya'yansu su yi wasa da ƙashi ba, ta roba ta kanti kuma kwana kaɗan hannu ya cire, ga farar fata da gashi ruwan zinariya, ba ta yi kama da kowa a gidan ba.

Tawa da zare mai ruwan ƙasa nake yin ta. Daga tsakiyar kai nake farawa, in yi ɗan zobe in riƙa zagayawa ina ƙari har ya yi faɗi, sannan in riƙa ragewa zuwa wuya. Sirrin kawai a matse saƙar, a ɗauki kwarashi ƙarami fiye da wanda zaren ke nema, don kada cikon ya riƙa leƙowa ta ramuka. Cikon ma akwai magana. Audugar rimi ta fi laushi da rashin nauyi, amma sai kin tsince 'ya'yan tas, in ba haka ba ɓera zai biyo su. Tsumman tela kyauta ne, sai dai yana sa ta yi nauyi ta yi gudaji, in an wanke kuma ba ya bushewa da wuri. Ido kuwa, don Allah ku bar maɓalli da duwatsun ado. Yaro ɗan shekara guda komai baki yake kaiwa. Da baƙin zare ake ɗinka ido, a ƙulle ta ciki. Daga nan sai kitso, shuku ko zane biyu, sai ɗan zani da kallabi na ragowar atamfa. Wata uwar ma guntun atamfarta take kawowa don su yi anko su uku, ita da 'yar da 'yartsanar. Mutanen Japan sun daɗe suna irin wannan saƙa, da beyar da zomo da kyanwa, a bidiyonsu ma na ƙara gyara hannu. Amma zomo ba ya tafiya a nan yadda rago ke tafiya. Gab da babbar salla ki saƙa ɗan rago fari mai lanƙwasasshen ƙaho, ki ga ikon Allah.

Na san abin da za ki ce, Malama, tun ɗazu nake ganin bakinki na motsi. Maganar sura. Ba ni da ilimin da zan yi fatawa, amma a Islamiyya an karantar da mu cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yartsana ita da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, hadisin yana cikin Buhari, kuma a kansa malamai da yawa suka sassauta a kan abin wasan yara. Wasu sun ce a bar fuskar ba a fitar da kamanni ba. Ni tambayar mai oda nake yi. Wadda ta ce ba ta son ido da baki, sai in bar mata fuskar fayau, aikin ma ya fi mini sauƙi.

Sai na biyun, wanda ya fi 'yartsana kawo kuɗi a dunƙule: kayan shiga. Ɗan wajen Yaya da ke karatu a Legas ne ya fara nuna mini hotunan wani taro da ake yi can tun 2012, irin wanda aka fara a San Diyego ta Amurka a 1970, inda masoya littattafan zane da finafinai ke haɗuwa, kowa ya yi shigar gwarzon da yake so. Garada da gemu, wani ya shafe wata da watanni yana ɗinka rigar wani aljanin fim. Ya zaci zan riƙe baki. Na ce masa ɗan nan, in goma ga azumi ta yi ka zo Sabon Gari bayan an sha ruwa ka ga tashe. Ga mai Tsoho da Gemu an liƙa masa auduga a haɓa, an cusa masa tsumma a baya ya yi doro, ya dogara sanda. Ga Jatau Mai Magani da tarkacen saiwoyi da layu, ga Macukule cikin tsummokara, ga 'yan mata da ƙwaryarsu. Su dai na can suna biyan kuɗin shiga zaure ne, namu kuwa su ake ba hatsi da 'yan canji.

Tashe dai ba a samun kuɗi a jikinsa, yara ne, kuma ya ja baya, dare ya daina zama na kowa. Amma gemun da na saƙa wa jikana da farin zare, mai maɗauri a bayan kunne, ya sa iyaye sun yi ta aiko mini, don na auduga da ƙaro kafin a zaga gida uku ya zube. Inda kuɗin yake shi ne makarantun kuɗi da bukukuwa. Kowace makaranta yanzu tana da ranar al'adu, a aiko wa uwa takarda ranar Laraba cewa jibi 'yarki Bafulatana ce, ɗanki Bayarabe. Ina za ta nufa? Ga kuma ranar ƙauyawa da 'yan matan amarya suka ɗora wa kansu, da ranar Fulani, wasu har da daren Larabawa. 'Yar da ba ta taɓa kwana a ƙauye ba za ta zo tana neman saƙi da 'yar shara mai ado da jan zare da kore, da tsakiya, da faifai, da tuntu a gefen kai. Wannan tuntun da adon gaban rigar aikin wa ne in ba namu ba? Wata amarya daga Bunguɗu ƙawayenta kaf a wurina suka yi, kuma ba wadda ta tsaya ciniki, saboda abin hoto ne, kowa na son ta fi.

Inda muke kashe kanmu shi ne wajen faɗin kuɗi. Mace za ta zo ta ce, "Haba Anti, ɗan abin wasan yara ne fa," sai kunya ta kama ki, ki ce to kawo kuɗin zare. Idonki da kika ƙure a fitilar waya fa? Bayanki fa? In 'yar'uwa ce ma ko na zaren ba za ki gani ba, sai "Allah Ya bar zumunci." Amin, amma zumunci bai hana tela karɓar kuɗin ɗinkin salla ba, kuma ba a taɓa jin mai lalle ta ce a kawo kuɗin lalle kawai. Ni yanzu rabi nake karɓa kafin in ɗaura zare a kwarashi. Kayan ranar al'adu kuma na daina sayarwa, haya nake bayarwa, a ajiye mini jingina, a dawo da su a wanke. Riga guda ta shiga makaranta huɗu.

Abu ɗaya zan ja kunnenku a kai: kada ku dogara da waya kaɗai. Kun tuna Satumbar 2021 da aka katse layukan sadarwa a jihar nan, aka kuma hana cin kasuwannin mako? Masu talla a WhatsApp zama suka yi. Wadda ta ci gaba da ciniki ita ce mai dillaliya da ke shiga gida gida da kaya a jaka. Yaya, ke da ke bin hanyar Tsafe kin fi kowa sanin ba kullum ake shiga mota da kwanciyar rai ba, don haka in za a aika kaya a haɗa su tafi sau guda.

Ga shawarata. Mu zuba adashi na zare kawai, duk wadda ta kwasa a saro mana a Kano gaba ɗaya, kuɗin mota ya zama ɗaya. Maman Biyu ta fi mu iya kitson 'yartsana, a bar mata kawuna. Ni da ƙanwata jiki da ciko. Malama tana da keke, ita ce zannuwa da rigunan Fulani. Kuma ku lura azumi na matsowa cikin sanyi, kowace shekara yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya, a 2030 ma sau biyu zai zo, a Janairu da Disamba. Masu fita asham da masu tahajjud za su nemi hula da safa, yaran tashe za su nemi gemu mai ɗumi. Farin zare da baƙi za a fi saya, Yaya ki rubuta, sai ruwan ƙasa na fata, shi kuma a duba kada a kawo mana mai ja da yawa.